Littafin aikin bushin tagulla: laima da garin ƙarfe daga bazara zuwa damina

14 Afrilu, 2025

Aikin da ke gabanmu shi ne bushin tagulla mai shan mai, wato ɗan zoben da sandar inji ke juyawa a cikinsa, irin wanda ake sa wa fanka da ƙananan injinan lantarki. Ba narkarwa ake yi ba. Garin ƙarfe ake matsewa a cikin mazubi, a gasa shi har ƙwayoyin su kama juna, a bar ƙananan ƙofofi a jikinsa da za su riƙe mai. Shagon yana Kano, rufin kwano, daɓen siminti. Abin da za a bi diddiginsa a nan shi ne laimar iska, tun daga yanzu da take a bushe ƙayau har damina ta kankama.

Haɗin kilo 5 ne kowane zubi: garin jan ƙarfe kilo 4.5 wanda ya wuce rariya mai lamba 100, garin kuza rabin kilo wanda ya wuce mai lamba 325, sai zinki sitiyaret, wani farin gari mai kama da sabulu, giram 37.5 domin santsi a lokacin matsi. Bushin faɗinsa milimita 16 ne ta waje, 10 ta ciki, tsawo 15. Nauyin da ake nema giram 12, ana matse shi da ƙarfin da ya ɗan haura tan 3. Zubi ɗaya yana ba da bushi wajen 415.

Abin da ya sa laima ta zama abin damuwa a wannan sana'a shi ne mazubi ba ya auna nauyi, cika kawai yake ɗauka. An saita zurfinsa a milimita 32.5, gari ya zubo daga hofa, wato ma'ajin garin da ke saman mazubi, ya cika shi, a share saman, a matse zuwa milimita 15. Idan garin ya ƙi kwanciya sosai a ciki, bushin zai fito da tsawonsa daidai amma nauyinsa a gaza, kuma ido ba zai gane ba.

Ma'aunin yau da ƙarfe 2 na rana: zafi digiri 39, laima kashi 14 cikin 100. Giram 50 na haɗin ya wuce mazurarin Hall, na auna gudun gari, mai rami milimita 2.5, cikin sakan 33. A kofin awo mai cin santimita kubik 25, nauyin garin ya kama giram 3.00 a kowane santimita kubik. Waɗannan lambobi biyu su ne za a riƙa komawa kansu.

17 Afrilu

Ma'aunan laima uku na dijital, ₦6,500 kowanne. Da aka jera su wuri ɗaya sai kowanne ya faɗi nasa, don haka aka gwada su da gishiri. Ana zuba gishirin miya a murfin kwalba, a ɗiga ruwa har ya jiƙe amma bai narke duka ba, a rufe shi tare da ma'aunin a cikin robar da iska ba ta shiga, a bar su kwana ɗaya. Iskar cikin robar tana tsayawa a 75%, ko da zafin ɗaki ya ɗan motsa. Ɗaya ya nuna 74, ɗaya 79, na ukun 68. An rubuta gyaran kowanne a jikinsa. Na ukun an mayar da shi sito, inda ba a bukatar tsananin daidaito.

Gwajin gishiri wuri ɗaya yake tabbatarwa. A ƙasa da 20% waɗannan ƙananan ma'aunai ba abin dogaro ba ne, don haka lambobin bazara a ɗauke su a matsayin kimantawa.

23 Afrilu

Bushewar ma tana da nata. Garin kuza yana manne wa cokalin roba da bangon bokitin da ake cakuɗa haɗin a ciki, har ya yi fari-fari a jiki. Wannan cajin lantarki ne da gogayya ke haifarwa, kuma busasshiyar iska ba ta barin sa ya zirare. Illarsa ba ƙarama ba ce: kuzan da ya tsaya a bangon bokiti bai shiga haɗi ba. An goge bangon da buroshi aka auna, giram 9 ne, kusan duk kuza da sitiyaret.

An sauya cokalin da na silba, an koma cakuɗawa a gwangwanin ƙarfe mai murfi, an ɗaure wa hofa da teburin matsi waya zuwa sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. A wannan zafi ƙasar ma a bushe take, sai an riƙa zuba wa gindin sandar ruwa. Mannewar ta ragu sosai.

Ƙura tana tashi fiye da kima a irin wannan iska. Takunkumin yadi ba ya tare garin da ya wuce rariya 325, sai mai matata. Ba a share teburi da iskar kwamfaresa, ba a kunna fanka a lokacin zuba.

30 Afrilu

Zubi biyu, babu matsala. Laima 17%, sakan 33, nauyin bushi tsakanin 11.9 da 12.1.

8 Mayu

Iska ta juya, ta fara zuwa daga kudu. Da safe laima 46%, da rana 28%. Garin ya fi gudu yau fiye da kowane lokaci tun da aka fara: sakan 30, kofi 3.03. Ɗan danshin da ya hau ƙwayoyin ya isa ya kwashe caji, bai kai ya manne su ba. Wannan ya nuna abin da za a nema ba shi ne a ƙone iska ƙurmus ba. Tsakanin 35% da 50% ya ishe mu.

An fasa bushi goma don ganin ƙarfinsu: a kwantar da shi a gefe, a danna har ya tsage. Sun tsage tsakanin kilo 205 da 215. Ƙa'idar MPIF, ƙungiyar masana'antun garin ƙarfe, ta irin wannan tagulla mai lamba CT-1000-K26, tana neman ƙarfin MPa 180 (awon matsi ne), wanda a girman namu yake kama kilo 190. Muna sama da shi.

19 Mayu

An samu ruwa da dare. Da safe laima 71%, sakan 36, kofi 2.96. Garin da ya kwana a gwangwani a rufe bai canza ba, wanda ya yi awa biyu a hofa ne ya yi nauyin tafiya. Da rana ta ɗaga sai ya dawo 32.

27 Mayu

Zubin yau ya lalace, kuma dalilinsa ya cancanci a rubuta shi dalla-dalla, domin shi ne irin ɓarnar da ke zuwa daga wurin da ake zaton kariya.

Tun da ruwa ya fara sauka, bokitan gari suna kwana a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, saboda ma'aunin laima yana nuna 50% a can, alhali shago yana 75% ko fiye. Da safe aka fito da bokitin kuza da na jan ƙarfe, aka buɗe nan take, aka auna, aka cakuɗa. Shago yana digiri 29, laima 78%. Da aka soka ma'aunin zafi a tsakiyar garin, digiri 21 ya nuna.

Iska mai wannan zafi da wannan laima tana fara sauke ruwanta a kan duk abin da sanyinsa ya kai digiri 25 ko ƙasa. Wannan shi ne matakin raɓa. Lissafinsa na gaggawa, muddin laima ta haura 50%: a cire laimar daga 100, a raba biyar, a cire abin da ya fito daga zafin ɗaki. Wato 22 a raba biyar, wajen 4.5, a cire daga 29. Garin yana ƙasa da matakin da digiri huɗu. Abin da ke faruwa da kwalbar ruwan sanyi idan aka fito da ita daga firji shi ya faru da kowace ƙwayar gari, sai dai a nan ba a ganin gumin. Garin da yake zube kusan kashi biyu cikin uku na cikinsa iska ce, kuma cakuɗawa tana shigar da sabuwar iska mai laima lungu-lungu.

Alamomin: haɗin ya ƙi wuce mazurarin Hall sam, ko an ɗan buga shi. A mazurarin Carney mai rami milimita 5 ya wuce, amma yana tsayawa yana tafiya. Kofi ya sauko 2.81. A hofa garin yana yin rami a tsakiya, gefe ya tsaya kamar bango. Ruwan da ya taru a inda ƙwaya ta taɓa ƙwaya yana riƙe su, shi ya sa ba sa zamewa su cike gurbi. Bushi 120 da aka buga kafin a tsaya nauyinsu ya warwatse daga 10.9 zuwa 11.7, matsakaici 11.2. Tsawon kowanne 15 cif.

An gasa 40 daga ciki don a ga ƙarshen abin, sauran an ajiye.

29 Mayu

Sun tsage tsakanin kilo 140 da 160. Ba su kai ba. Rashin nauyi shi kaɗai zai rage ƙarfi, amma da aka yanka biyu aka goge aka duba da gilashin ƙara girma, an ga abin da ya fi wannan: ramuka manya, wasu sun kai rabin milimita, a warwatse ba tsari. Kuza yana narkewa a digiri 232, tun kafin gashi ya yi nisa, jan ƙarfen da ke kewaye ya tsotse shi, inda yake ya zama rami. Idan kuzan ya watsu daidai, ramukan ƙanana ne masu haɗe da juna, su ne ma gidan mai. Idan danshi ya dunƙule shi, kowane dunƙule rami ɗaya ne babba, wani gefen kuma ya rasa kuza ya zauna ja, mai taushi. Faɗin waje ma ya bambanta da kusan milimita 0.08 tsakanin bushi da bushi, abin da a da bai wuce 0.03 ba.

Kuza ya fi jan ƙarfe saurin dunƙulewa saboda ya fi laushi. Gwargwadon ƙanƙantar ƙwaya, gwargwadon yadda ɗigon ruwa ke fin nauyinta ƙarfi.

Doka daga yau: gari ba ya shiga ɗaki mai sanyi. Duk bokitin da ya fito daga wuri mai sanyi, ko sabo daga mota, zai kwana a rufe a inda za a buɗe shi. Ba a buɗewa sai zafin garin ya haura matakin raɓa da digiri 3 aƙalla, tazarar da masu fentin ƙarfe ke aiki da ita. Kuma da ma'auni mai tsinke ake aunawa. Mai harbi daga nesa yana ƙarya a kan ƙarfe mai sheƙi. Ma'auni mai tsinke ₦12,000.

Akwai wani abu game da na'urar sanyaya ɗaki da ya kamata a sani. Tana cire ruwa ne kawai a lokacin da kwamfaresarta ke aiki. Da ta tsaya, ko aka ɗauke wuta, ruwan da ke jikin bututunta yana komawa cikin ɗaki, laima ta yi tsalle, kayan kuma suna nan da sanyinsu.

3 Yuni

Ƙoƙarin ceto sauran haɗin, kilo 3.6.

An raba shi. Kashin farko an shanya a faranti, kaurin santimita 2, a tanderu a digiri 105 na awa ɗaya. Ya bushe, amma launinsa ya tashi daga ja mai haske zuwa ruwan ƙasa, wato jan ƙarfen ya ci iska. Sannan wasu wurare sun kama juna. Zinki sitiyaret yana narkewa a wajen digiri 120 zuwa 130, kuma tanderu irin namu yana wuce inda aka saita shi kafin ya dawo. Haɗin da aka riga aka sa wa sitiyaret bai kamata ya kusanci wannan zafi ba. Wannan kashin ya tafi.

Kashi na biyu an bi da shi ta hanyar zuƙe iska. Injin bakyum, mai zuƙe iska, irin na masu gyaran firji, na hannu, ₦65,000. Tukunyar ƙarfe mai kauri da murfi mai roba, an sa mata bawul da geji. Garin a faranti a ciki, tukunyar a kan ruwan zafi digiri 55. Idan matsin iska ya sauka ƙasa da miliba 150, wato kusan kashi ɗaya cikin bakwai na matsin iskar waje, ruwa yana tafasa a wannan zafi, kuma babu iskar da za ta ci jan ƙarfen. Abubuwa uku da sai an kiyaye: a sa matatar takarda a bakin bututu don kada gari ya shiga injin, a sa kwalbar silika, ƙwayoyin da ke tsotse danshi, tsakanin tukunya da injin don tururi yana ɓata man sa, kuma a buɗe bawul a hankali, in ba haka ba garin zai tashi ya watsu a ciki. Awa uku. Sannan a bar shi ya huce a rufe. Busasshen gari idan ya huce a fili, abin da aka cire yake mayarwa.

Ko bayan bushewa dunƙulen kuzan ba su warware da kansu ba. An tankaɗe a rariya 60, aka sake cakuɗawa minti 15. Sakan 34, kofi 2.97. Ya yi, ko da yake bai koma yadda yake ba.

An gwada auna ruwan da ke ciki ta hanyar nauyi kafin da bayan shanya. Giram 100 ya ragu da giram 0.06. Wannan lamba tana ƙasa da gaskiya idan a fili aka shanya, domin ruwa yana fita nauyi na raguwa, iska tana cin ƙarfe nauyi na ƙaruwa. Gwajin Karl Fischer, na auna ruwa da sinadari, shi ne ke raba gardama, amma sai ɗakin gwaje-gwaje. A shago mazurari da kofi sun fi sikeli saurin faɗar gaskiya. Abin lura dai shi ne ƙanƙantar ruwan da ya isa ya tsayar da aiki: bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba.

5 Yuni

An rufe don Babbar Sallah.

11 Yuni

An buɗe. Bokitan da murfinsu ke da roba lafiya lau. Abubuwa uku ne suka taɓu.

Ragowar haɗi da ya zauna a gindin hofa, wajen giram 300, ya yi ɓawo a sama, da ɗigo-ɗigon kore a inda ya taɓa bangon. An zubar da shi a kwandon tarkace.

Sandar tsakiyar mazubi, wadda ke fitar da ramin bushi, ta yi tsatsa siririya, a daidai inda yatsu suka riƙe ta. Gishirin gumi ne. Tazarar da ke tsakanin wannan sanda da sandunan matsi ba ta wuce milimita 0.02 ba, don haka tsatsar da ba a ɗauke ta a bakin komai ba tana iya karce cikin kowane bushi, kuma idan aka goge ta da ƙarfi tazarar ta buɗe, gari ya riƙa shiga yana cijewa. An goge da takardar yashi mai lamba 1500 da ɗan mai, a tsaye, ba a kewaye ba. Daga yanzu kowace yamma a wanke kayan matsi, a shafa mai, a naɗe. Da safe a wanke man tas kafin gari ya taɓa su, kuma da safar hannu.

Na uku ya fi zafi. Buhun garin baƙin ƙarfe kilo 10 da aka sayo don gwaji na gaba, a ledarsa a cikin kwali, yana ajiye a kan siminti. Ƙasansa ya daskare ya zama dutse ja, kusan kilo 3. Siminti yana jawo danshi daga ƙasa. Ledar tana da ɗan huji a kusurwa. Baƙin ƙarfe yana fara tsatsa da gaske ne idan laima ta haura wajen 60%, kuma gari ya fi dunƙulallen ƙarfe saurin kamuwa nesa ba kusa ba saboda yawan fuskarsa. Ba kamar danshi ba, tsatsa ba ta fita da shanya. Kuma jiƙaƙƙen garin baƙin ƙarfe yana iya ɗaukar zafi da kansa yayin da yake tsatsa, don haka wanda ya ɓaci an baza shi a tire a waje, ba a tara shi a kwando ɗaya da tsummokaran mai ba. Sauran kilo 7 an tankaɗe an rufe a gwangwani.

Komai ya hau katako, santimita 15 daga ƙasa, nesa da bango.

18 Yuni

Ma'ajiyar bushewa. Matacciyar firiza mai cin lita 200, ₦35,000, sabuwar robar murfi ₦8,000. An toshe ramin zubar ruwa. Firiza ta dace da wannan aiki saboda abu biyu: murfinta yana rufe iska, kuma bangonta mai kauri yana hana zafin ciki hawa da sauka tsakanin dare da rana. Gwajin roba: a maƙale takarda a rufe, idan ta zare cikin sauƙi wurin yana yoyo.

Silika kilo 3, ₦27,000, mai ruwan lemo da ke komawa kore idan ta ƙoshi. An fi son ta a kan shuɗiyar, wadda launinta na sinadarin kobalt ne mai illa. Lissafin yawanta: iska mai digiri 30 da laima 80% tana ɗauke da ruwa giram 24 a kowace mita kubik. A firiza lita 200 giram 5 ke nan bai cika ba. Don a sauko da ita 40% sai an cire wajen giram 2.5 duk buɗewa. Silika tana riƙe kusan kashi 20 na nauyinta a wannan laima, wato kilo ɗaya giram 200. Kilo ɗaya da rabi a ciki, ɗaya da rabi a jira. Ana farfaɗo da ita a digiri 120 na awa uku, a juye ta da zafinta a kwalba a rufe.

Wannan lissafi ya nuna wani abu mai kwantar da hankali. Buɗe bokiti na minti ɗaya ba shi ne ke kashe gari ba: lita 10 ta iskar da ke saman bokiti ruwanta bai wuce rubu'in giram ba. Masu ɓarna su ne raɓa a kan gari mai sanyi, da zaman awanni a hofa a buɗe, da murfin da ba ya kamawa, wanda bokiti ke shaƙar iska ta cikinsa duk dare idan ya huce.

Silikar tana cikin jakar yadi, ba ta taɓa gari. Ƙwaya ɗaya idan ta fashe ta shiga haɗi, za ta karce mazubi. An raba jan ƙarfen gwangwani-gwangwani, kilo 4.5 kowanne, kuza rabin kilo, don kowane zubi murfi biyu kawai za a buɗe. Cikin awa shida ma'aunin firiza ya sauka 34%.

An kuma lura haɗin da aka gama cakuɗawa ya fi tsuran kuza jure laima, domin sitiyaret ba ya shan ruwa kuma ya lulluɓe ƙwayoyin. Saboda haka lokacin da ya fi hatsari shi ne awo da cakuɗawa. An mayar da su tsakanin ƙarfe 1 da 3 na rana, lokacin da laima ta fi sauka.

24 Yuni

Shago 74%, firiza 36%. Hofa rabin kilo kawai ake zuba mata, da murfi. Sakan 32. Ana auna bushi ɗaya cikin kowane 20. Nauyi 11.9 zuwa 12.1.

2 Yuli

Gari lafiya, matsi lafiya, amma zubin ya fito daga tanderu da baƙi-baƙi a jiki, na saman akwati sun fi. Ƙarfi kilo 175 zuwa 190.

Gashin namu a akwatin ƙarfe ake yi, bushi a binne cikin dakakken gawayi, murfi da ɗan rami. Rabin awa a digiri 450 don sitiyaret ya ƙone ya fita, sannan awa ɗaya a 820. Gawayin ne ke cinye iskar ciki ya hana tagulla ƙonewa. To gawayi yana shan laima ƙwarai. An auna kilo ɗaya daga buhu, aka gasa a digiri 150 na awa biyu, ya dawo giram 890. Wato kowane kilo na gawayi yana shiga wuta da wajen rabin kofin shayi na ruwa. Tururin yana tashi tun zafi bai kai inda gawayi zai fara aikinsa ba, ya bi ta ƙofofin ɗanyen bushi. Jan ƙarfe yana wankuwa daga baya idan zafi ya hau, kuza kuwa idan ya yi ɓawo yana da taurin kai, kuma ɓawon yana hana shi malala yadda ya kamata.

Gawayi yanzu ana gasa shi ranar da za a yi aiki, ko a rufe shi a duro da zarar ya huce. Ɗanyen bushi ma ba ya kwana a fili, ko tanderu ko firiza. Hayaƙin akwatin yana da iskar da ke kisa ba wari, don haka ko ana ruwa tagar tanderu a buɗe take.

9 Yuli

Zubi da busasshen gawayi: launi ruwan zinare, ƙarfi 200 zuwa 212.

Wajen shayar da mai an ga kumfa mai yawa, man, mai lambar kauri ISO VG 68, ya yi hazo. Bushin sun yi kwana uku a tire bayan gashi, ƙofofinsu sun sha danshi. Ruwan da ya maƙale a ciki yana tare wa mai hanya, kuma yana tafiya da bushin har cikin fankar mai saye. An dafa man a digiri 80 a tukunyar bakyum har ya washe. Bushi kuma sai an ɗumama su a digiri 100 na rabin awa, su shiga mai da ɗuminsu. Man da suka sha ya kama kashi 20 na girmansu, ma'auni yana neman 19.

Tankin kwamfaresa an zubar masa da ruwa kusan lita ɗaya. Kullum ne yanzu.

16 Yuli

An nemi mu ajiye wa wani mai fenti garin alminiyum kilo 5 a firiza. Ba a karɓa ba. Alminiyum mai laushi idan ya jiƙe yana fitar da iskar haidirojin, giram ɗaya yana iya ba da fiye da lita ɗaya, yana kuma ɗaukar zafi. A cikin akwati rufaffe, kusa da tanderu, wannan ba abin gwadawa ba ne. Wutarsa ba a kashe ta da ruwa, sai busasshen yashi ko abin kashe gobara na rukunin D, wato na wutar ƙarfe. Bokitin yashin shagon ma da aka duba a jiƙe yake. An soya shi an rufe.

22 Yuli

Laimar safe ta kai 84%, da rana ba ta sauka ƙasa da 65%. Damar aiki ta ƙarfe 1 zuwa 3 ta fara kuɓucewa, kuma Agusta ce wata mafi ruwa a Kano. Rabin kilon da ke hofa yana tashi daga sakan 32 zuwa 37 cikin minti 40. Silika ana sauya ta duk kwana tara.

Kuɗin da laima ta ci zuwa yau: kayan aiki ₦166,500, ban da garin da ya tafi, haɗin tagulla wajen kilo 3.5 da baƙin ƙarfe kilo 3.

Mataki na gaba shi ne a keɓe wurin awo, cakuɗawa da matsi da katako da leda mai kauri, mita 3 sau 3, tsayi 2.7, a sa na'urar tsotse laima. An yi mana kuɗin mai lita 20 a rana ₦280,000. Wannan lita 20 a digiri 30 da laima 80% ake auna ta, idan ɗaki ya sauko 45% abin da za ta cire zai ragu ƙwarai. Iskar ɗakin duka ruwan da za a cire mata wajen giram 250 ne, amma mutum ɗaya mai aiki yana ƙara fiye da giram 100 a awa, ga daɓe, ga ƙofa. Don haka a fara shafe simintin da fentin daɓe, a sa labule biyu a ƙofa. Na'urar tana cin wajen wat 350, inbata zai ɗauka idan an ɗauke wuta. Ta fi mai sanyaya ɗaki dacewa da mu saboda ɗumama ɗakin take yi kaɗan, gari da mazubi su zauna sama da matakin raɓa.

Kafin a biya, za a yi gwaji mai arha na mako ɗaya: murfin hofa mai roba da jakar silika a rataye a cikinsa, da ƙwan lantarki mai wat 40 a jikin hofar ta waje don ya ɗaga zafinta da digiri 5 zuwa 6. Iska mai digiri 29 da laima 80% idan ta hau 35 laimarta tana sauka ƙasa da 60%. Za a riƙa ɗibar giram 50 duk minti 20. Idan gudu ya tsaya ƙasa da sakan 34 har hofa ta ƙare, na'urar za ta jira baɗi, kuɗin su tafi kan sandar tsakiya ta biyu. Gwajin baƙin ƙarfe an ɗage shi zuwa Nuwamba: yana bukatar digiri 1120, tanderun yana tsayawa a 1000, kuma sauran kilo 7 za su fi zama lafiya a rufe har hunturu ya shigo.